Bayan Janareto, Ɗaya ga Oktoba

Ni ba kallo aka gayyace ni ba.
Hayata aka yi, ni da injina,
dubu goma sha biyu, ban da kuɗin mai.
Na ja waya daga gindin katanga
har ƙarƙashin rumfar makaɗa
a filin Pantami.

Tun la'asar hadari ke mana wasa,
ya haɗo ta wajen Dadin Kowa, ya fasa,
ya bar mu da zufa da ƙwari masu bin fitila.
Masu masara sun hura gawayi,
mai dafaffiyar gyaɗa na awo da gwangwani,
yara sun shafa kore da fari a kunci,
tutar naira ɗari a hannu, sandarta tsinken tsire.

Makaɗa arba'in da wani abu.
Ta ƙeya na ƙirga su, don ƙeyarsu kaɗai nake gani:
'yan badujala, takalma na ƙyalli,
'yan makaranta mata shida da goge irin na ƙetare,
sun maƙale shi a haɓa kamar masu ciwon haƙori,
wani tsoho da algaita, kumatu tim,
da ƙaton ƙahon da ya naɗe mai busa shi
kamar mesa ta kama ɗan akuya.
Sufeto Obadiya, mutumin Kaltungo,
'yar sandarsa ba ta kai tsinken kwando ba,
amma in ya ɗaga ta, ko tari ba a yi.

An ce kiɗan da daɗi.
Shekara huɗu ina wannan biki,
gurnanin injina kawai nake kai wa gida.

Sai bana.
Ana tsakiyar wani kiɗa mai tafiyar hawainiya,
injin ya yi tari biyu, ya shaƙe.
Ruwa ne a man. Na san wanda ya sayar min a Bolari.
Fili ya yi baƙi ƙirin.
Aka yi tsaki kamar ruwa ya zuba a gwangwanin suya.
Na durƙusa, sifana a hannu, tocila a baki,
ina lissafin abin da za a yanke min.

Goge bai tsaya ba.
'Yan matan nan ba sa ganin takarda,
ba sa ganin sandar Sufeto,
da ka suka ci gaba.
Algaita ta biyo su sannu-sannu
kamar makiyayi na bin sawu da dare.
Allah ya yafe min,
minti uku cur ban taɓa injin ba.

Masu wasan wuta suka zaci duhun alama ce.
Fau!
Hajjo, 'yata, da ke zaune kan jarka,
ta cusa kai cikin rigata.
Ba ita ta ji ƙarar tasha a waccan shekarar ba,
uwarta ce ta ji, tana ɗauke da cikinta.
Ba ita kaɗai ba kuwa:
na ga mai babbar riga ya duƙa bayan kujera,
wani har ya kwashi takalmansa.
Sannan dariya ta zo, mai ɗan kunya,
kowa na kakkaɓe gwiwa.

Na ce, ɗago, Hajjo, wannan ta sama ce.
Ta leƙa ta tsakanin yatsu.
Kore ya buɗe kamar kan giginya,
fari ya zubo kamar ana sheƙar shinkafa a saman Tumfure,
ja ya fashe, ya sake fashewa a cikin kansa.
Ta daɗe tana kallo, baki buɗe,
ta ce, Baba, wa zai share?

Na tsiyaye man, na ja igiya, wuta ta dawo.
Ba wanda ya tafa min.
An yanke dubu biyu.

A hanyar Jekadafari, injin ɗaure a bayan keke,
ɗankwalinta na ƙaurin albarushi,
Hajjo na rera kiɗan gogen ta hanci.
Ta kuskure wuri ɗaya, ta hau inda ake sauka.
Na ce, a'a, ba haka ba ne, saurara,
na gyara mata.